Famfon Amarya

Talata, 4 ga Afrilu

Auta ta kira ina tsakiyar haɗa wa uwarta shayi. Ko gaisuwa babu. "Baba, kun sha ruwan famfo yau?" Na ce to da me kike so mu yi shayi, da fetur? Ba ta yi dariya ba. A nan gabana ya faɗi, don Auta ko a gidan makoki ka tsokane ta sai ta murmusa.

Wai 'yan ta'adda ne suka aika saƙo matatar ruwa inda take aiki, za su zuba guba a ruwan gari. Da farko an ɗauka cika baki ne. Sai da safen nan masu gadi suka tarar an yanke wayar shingen babban tankin da ke kan tudu, an fasa kwaɗon murfinsa. Ba wanda ya san ko an zuba wani abu. Su 'yan ɗakin gwaje-gwaje an tsare su a wurin aiki, ba mai tafiya gida sai an gano.

Na ce ko an tafasa? Ta ce, "Ko an tafasa, Baba. Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, ba guba ba. Kada ku sha, kada ku yi girki, kada ku kurkure baki. Bayi kawai." Sai ta ƙara da cewa, "Baba, Mama fa."

Ai ni ma abin da ke raina ke nan.

Ruwan butar na jiya ne, tun da rana na tara. Duk da haka na zubar.

Amarya. Haka nake kiranta tun ranar da ta shigo gidana, ga shi jikoki sun fi ni tsayi ban sauya ba. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, abu ɗaya ne ke kwantar mata da hankali: ta tsaya gaban famfon kicin tana wanke kofuna. Wankakku ne, ta sake wankewa. Ta jera, ta kwashe, ta sake. In ƙishi ya kama ta ba ta ɗaukar kofi, ga su kuwa a gabanta, tafin hannu take tarawa ta sha kamar yarinya. Yaya za ka yi wa mutum bayanin guba alhali kafin ka rufe baki ya manta farkon maganar?

Na durƙusa na rufe babban makunni na ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Gwiwata har yanzu tana ƙorafi.

Laraba, 5 ga Afrilu

Rediyo ya tabbatar. An ce motocin tanka za su riƙa zuwa kowace unguwa da ruwan rijiyoyin burtsatse na bayan gari.

Tamu ta tsaya a bakin titi, gaban shagon mai gyaran waya. Ba zan iya barin Amarya ita kaɗai a ɗaki ba, sai na saka mata takalmi muka sauko tare. Kuskure. Layi har kwanar titi, jarkoki suna ta karo da juna, ga 'yan sanda da bindiga a kan tankar. Ta riƙe gefen rigata tana cewa, "Direba, wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Muka matsa kaɗan ta sake tambaya. Na sake cewa ba kowa.

Amma dai ta ce Direba. Duk ranar da ta kira ni da sunan tsokanarta, na san tana gida, wato hankalinta na tare da ita.

Matar nan da ta tare a hawan sama kwanan baya, ma'aikaciyar jinya ce ashe, Nas ake kiranta, ita ta karɓe jarkata ba ta ko tambaye ni ba. "Baba, ku koma sama da Mama, zan kawo." Na ce bar shi 'yata, ni da na yi rayuwata ina ɗora tayar bas da hannuna. Ta dube ni, ta dubi matattakalar bene, ta ce, "To a yau dai ku bar wa ƙananan direbobi."

Ta kawo har kicin. Ban san yadda zan yi godiya ba sai na yi ta maganar zafin rana.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Yini mai wuya.

Amarya ta murɗa famfo, ba komai sai wani tari da bututun ya yi. Ta sake murɗawa. Ta buga shi da cokali. Ta juyo tana kallona kamar ni na ɓoye ruwan a aljihu. "Ina ka kai shi?" Na ce an ɗauke ne, zai dawo. Ta ce ƙarya nake, mutane na zuwa kuma kofuna da datti, me za a ce da ita? Ta zauna a ƙasan kicin tana kuka, kukan da ba sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

Na zauna kusa da ita. Tashi ne ya zama aiki, mu biyu muna jan juna kamar tsofaffin awaki.

Da la'asar dabara ta zo mini. Akwai bokitin nan mai ɗan famfo a gindi da Auta ta saya mana lokacin da ake ta maganar wanke hannu. Na ɗora shi kan kanta, daidai saman wurin wanke-wanke, na cika da ruwan tanka, na sa kwano a ƙasa ya tare wanda ya zuba don in mayar bayi. Na rufe famfon gaske da tawul.

Ta daɗe tana kallon bokitin. Ta ce, "Wannan famfon talakawa ne." Amma ta murɗa. Ta wanke kofuna har magariba, tana ɗan waƙe-waƙenta a hanci.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Ba labari daga Auta sai saƙo: tana lafiya, kada in buɗe makunni sai dole.

Asabar, 8 ga Afrilu

Dole in rubuta, in ba haka ba abin zai zauna mini a ƙirji.

Da hantsi na buɗe makunnin don in tara ruwan bayi, jarka ta yi ƙasa kuma ba na son ɓarnatar da na sha. Ina cikin tarawa aka ƙwanƙwasa ƙofa, mai kantin ƙasa ne ya kawo burodi. Magana biyu muka yi, wallahi biyu. Na juyo na ji ƙarar ruwa a kicin, ba ta bokiti ba, mai ƙarfin nan.

Ta cire tawul ɗin. Ta sunkuya, tafin hannunta a ƙarƙashin famfo, tana sha.

Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na fisgi hannun, na daka mata tsawa. Ni. Tun da muke ban taɓa ɗaga mata murya ba, ko lokacin da muke da ƙarfin faɗa ita ce mai faɗan, ni mai fita waje in sha iska. Na ce tofar! Tofar da shi! Ina girgiza ta.

Ta ja baya har ta jingina da firji, ta ɗaga hannu biyu ta kare fuskarta. "Bawan Allah, ka yi haƙuri. Mijina ya kusa dawowa, zai ba ka abin da kake so."

Na bar ta a jikin firjin.

Na fita bakin bene ina ƙwala wa Nas kira kamar mahaukaci. Allah ya sa tana gida. Ta duba idon Amarya, ta duba harshenta, ta tambayi yawan abin da ta sha. Na ce ban sani ba, kurɓi uku, huɗu, ban sani ba. Ta ce kada in sa ta amai, mu tafi asibiti. Ita ta tsayar da mota, ita ta zauna baya da Amarya tana riƙe da hannunta, don ni Amarya ba ta yarda in matso ba.

Asibiti cike. Kowa riƙe da ciki. Wani ƙato yana rantsuwa bakinsa ɗaci yake tun da ya yi wanka, wata ta kawo jariri don ɗigon ruwa ya faɗa masa a leɓe. Likitar da ta gan mu idonta ya yi ja don gajiya. Ta ɗebi jini, ta ce mu zauna a sa ido. Ta ce tun ranar Talata ba su ga mutum ɗaya da alamar guba ba, tsoro ne ke murɗa cikin mutane, amma ba za ta rantse mini ba.

Muka zauna a benci har rana ta yi sanyi. Ina kallon ƙirjin Amarya yana hawa yana sauka. Duk tarin da ta yi sai raina ya tsinke. Can ta gyangyaɗa ta ɗora kai a kafaɗata ta yi barci, ni ɗin da take tsoro ɗazu.

Aka sallame mu. Ba komai a jinin.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ta tashi garau, ta cinye burodinta har da rabin nawa. Ba ta tuna komai ba.

A wuyan hannunta akwai shatin yatsuna. Fatarta ta yi laushi yanzu, abu kaɗan sai ya nuna. Ta gani tana juya hannun, ta ce, "Direba, dubi, ko ƙofa ce ta matse ni?" Na ce bari in shafa miki mai. Na shafa na daɗe ina shafawa. Ta ce yau kuma wace irin soyayya ce da rana tsaka.

Ita ta manta. To ni wa zai mantar da ni?

Litinin, 10 ga Afrilu

Yayan Auta ya kira daga can inda yake, wai mu tattara mu koma otal. Na ce otal ɗin ruwan sama suke sha?

Na ɗaure makunnin da waya. Ruwan bayi ma daga tanka zan riƙa ɗauka, ko bayana zai karye. Nas ta ce ba zai karye ba, ta samo wasu ma'aikatan shagon ɗinki biyu da ke hawo mana da jarka in sun ɗebo tasu.

Laraba, 12 ga Afrilu

An yi abin kunya a layinmu. Mai gyaran famfon nan mai ɗingishi, wanda ya sauya mana bututun wanka bara, ya durƙusa yana duba wani ramin bututu da ke yoyo a bakin titi. Wani ya yi ihu wai ga mai zuba guba. Kafin ka ce me, an yi masa rubdugu. Ta taga na hango. Na buɗe ina ihu ku bar shi, mun san shi, amma muryar tsoho daga hawa na biyu ina za ta kai? Mai kanti ne ya shiga tsakani da tsintsiyarsa, sai wasu suka gane shi suka fara ja da baya suna sosa ƙeya.

An fasa masa leɓe. Nas ta wanke masa a matattakalarmu. Yana ta cewa, "Ni fa yoyon nake son tsayarwa." Na sauko masa da shayi.

Ba mu ma san ko sun zuba mana wani abu a ruwa ba tukuna, amma ga shi har mun fara cin junanmu.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Auta ta zo! An ba ta rabin yini. Ta rame, idanu sun faɗa, hannunta sai warin maganin tace ruwa. Ta zube a kujera ko takalmi ba ta cire ba.

Uwarta ta ɗauke ta ƙanwarta ce da ta rasu tun Auta na goye. "Ke sai yanzu ake ganinki? Ina mijin naki?" Auta ta saba, ta ce yana gaishe ki, Yaya. Ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta, Amarya na tsefe mata gashi da yatsu tana yi mata faɗan rashin kitso. Na shige kicin na yi kamar ina neman wani abu.

Da muka keɓe na gaya mata abin da ya faru ranar Asabar. Nas ta riga ni ashe. Ban faɗi maganar hannun ba, amma ta gani, shatin bai gama ɓacewa ba. Ta kama nawa hannun ta riƙe.

Ta ce sun zubar da ruwan babban tankin gaba ɗaya, sun wanke shi, suna ɗibar ruwa daga kowace unguwa suna aunawa ba dare ba rana. Wai har wasu ƙananan kifaye gare su a akwatin gilashi, ruwan gari na bi ta cikinsa, in da wani abu su za su fara nunawa. Ta ce akwai wani mai baƙin ɗigo a wutsiya, malalaci, kullum yana kwance a ƙasa, duk wanda ya shigo sai gabansa ya faɗi ya ɗauka ya mutu. Sun sa masa suna Shugaban Sashe.

Na yi dariya har da tari. Rabona da dariya tun kafin wayarta.

Ta yi barci a zaune, cokali a hannu.

Asabar, 15 ga Afrilu

Bokitin ya fara yoyo ta gindin famfon. Na naɗe da leda. Amarya ta ce aikin direba ke nan, komai a ɗaure da leda.

Litinin, 17 ga Afrilu

An sanar. Ba a sami komai a ruwan ba, ko a tankin ko a bututu. An kama wasu, wai sun fasa murfin amma motar sintiri ta firgita su kafin su yi abin da ya kawo su. Wasu kuma na cewa dama tsoratarwar ce kawai manufarsu. Oho. An ce kowa ya buɗe famfonsa ya bar shi ya zuba na ɗan lokaci, sannan a sha. A talabijin wani babba ya ɗaga kofi ya shanye a gaban 'yan jarida, yana murmushin wanda aka ba maganin ɗaci.

Gidan nan duka sai ƙarar ruwa, sama da ƙasa. Yara na ihu a bayi. Wata a hawan ƙasa har da guɗa.

Ban kwance wayar makunnin ba.

Laraba, 19 ga Afrilu

Tanka ta daina zuwa. Na sayo ruwan gora a kanti. Mai kanti ya ce, "Baba, ai an gama." Na ce na ji.

In sun fasa sau ɗaya, me zai hana su sake? Wa ke tsaye a kan tudun yanzu? Bututun nan daga can yake tahowa, ta ƙarƙashin tituna, ta bangon gidan nan, har bakin matata. Tsawon rayuwata ban taɓa tunanin haka ba. Murɗawa kawai nake ya zo.

Asabar, 22 ga Afrilu

Mun yi sa-in-sa da Auta. Ta shigo ta ga bokiti na nan, ta leƙa ƙasa ta ga waya a makunni.

"Baba, mene ne wannan?"

Na ce hattara ce.

"Ni na auna ruwan nan. Da hannuna, ba labari aka ba ni ba. Na unguwar nan ma ni na ce a bar mini. Kana ganin zan bar Mama ta sha abin da ban tabbatar ba?"

Na ce ba ke nake zargi ba. Ta ce to wa? An sa sabon shinge, an sa masu gadi, an sa na'urar da ke kuka in an taɓa murfin. Na ce duk mutum ne ya sa su, mutum kuma na iya cirewa. Ta ce haka ne. Ba ta musa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta ce, "Ba zan ce maka ba za su sake gwadawa ba. Amma muna nan, Baba. Ba ka taɓa ɗaukar mutane a bas ka san taya na iya fashewa ba? Ai ba ka ajiye motar ba, duba tayar kake yi kowace safiya."

'Yar da na goya ce ke mini wa'azi da sana'ata.

Ta durƙusa ta kwance wayar da kanta. Famfon ya yi tari, ya tofar da ruwa ja-ja, sannan ya washe. Ta bar shi ya zuba. Ta cika kofi ta shanye tana kallona. Ta cika wani ta miƙo mini. Na ce ba na jin ƙishi.

Ba ta matsa ba. Ta ɗauke bokitin ta kai baranda.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Amarya ta koma famfonta kamar ba a taɓa rabuwa ba. Da ta sunkuya ta tara hannu sai na kama bakin ƙofa na riƙe da ƙarfi. Ban motsa ba. Ta sha, ta goge baki da gefen mayafi.

Na yi ta kallonta har yamma. Lafiya lau.

Ni dai gorata na nan a gefen gado.

Talata, 25 ga Afrilu

Nas ta zauna da Amarya na je aski. Wanzamin ya ce na yi furfura a wata ɗaya. Na ce da can ma rini ne.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Zafi yau ba a magana. Na sauka karɓo maganinta a kemis, Nas na tare da ita. Hawowa benen ya sha ni, na shigo ina haki, na zube a kujerar bakin ƙofa, gumi har cikin ido.

Amarya ta leƙo daga kicin. Na ga idon, na san yau ba ta gida.

"Sannu bawan Allah. Daga nesa kake?"

Na ce eh, da ɗan nisa.

"Maigidan ba ya nan, amma zauna ka huta. Mutumin kirki ne, ba zai ce komai ba."

Ta koma ciki. Na ji ta murɗa famfo. Na ji tana zaɓen kofi, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan, sai ta fito da mai bakin zinariyar nan da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta riƙo shi da hannu biyu, tana tafiya a hankali kada ya zuba, ya ɗan zuba a yatsunta duk da haka. Ta rusuna ta miƙo mini.

Nas na tsaye a bayanta tana kallona.

Amarya na jira. Irin jiran nan nata, kai a karkace.

Na karɓa na shanye. Da sanyinsa. Ta ce in ƙaro? Na ce ƙaro.

Ƙishi ne kawai, ba wani abu ba. Benen nan ya yi tsawo.